Girman Maƙoƙo Ba Shi Ne Ma'aunin Cuta Ba

A ƙasar Hausa, da zarar an ga wuyan mutum ya kumbura sai a ce maƙoƙo ne, a yanke hukunci da ido. Wanda wuyansa ke sumul kuwa ba a kawo masa zancen wannan cuta ko da wasa. Hukuncin nan biyu duk suna iya zama kuskure, domin ido girman tayiroyid kawai yake gani, ba ya ganin aikinta.

Tayiroyid wata 'yar halitta ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban wuya. Ita ce ke tsotsar aidin daga jini ta haɗa sinadarin tayiroksin, wanda likitoci ke rubutawa T4 saboda ƙwayoyin aidin huɗu da ke jikinsa. Wani masani Ba'amurke, Edward Kendall, shi ya fara tace shi a 1914. Aikin sinadarin shi ne daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. In ya yi yawa sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa, mutum na ci yana ramewa. In ya yi ƙaranci sai kasala, jin sanyi da mantuwa. Masu maƙoƙo da yawa kuwa sinadarin nasu daidai yake.

Ashe ke nan sai an auna jini. Amma me za a auna? Fiye da kashi 99 cikin 100 na tayiroksin da ke yawo a jini ɗaure yake da wasu sinadaran furotin da hanta ke yi, kuma ɗaurarre ba ya aiki. Sakakken da ke iya shiga sassan jiki bai wuce kimanin kashi 3 cikin 10,000 ba. Misalinsa kamar hatsin rumbu ne da na tukunya: cikar rumbu ba ta nuna ko iyali sun ci tuwo yau. Tsohon gwajin da ke auna jimillar sinadarin rumbu yake ƙirgawa. Mace mai juna biyu, ko mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, hantarta kan ƙara yawan furotin ɗin nan, jimillar ta tashi alhali lafiyarta lau. Likitan da ya dogara da wannan adadi yana iya ɗora ta kan maganin da ba ta buƙata, har ya cutar da ɗan da ke cikinta. Gwajin sakakken tayiroksin tukunyar yake leƙawa, shi ya sa ya fi cancanta.

Duk da haka, bai kamata a karanta shi shi kaɗai ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata halitta mai suna fituwitari da ke aika sinadarin TSH domin ya zaburar da tayiroyid. In TSH ya yi sama, sakakken T4 ya yi ƙasa, tayiroyid ta gaza. In abin ya juya, ta zarce kima. Hasali ma TSH kan riga T4 nuna matsala, don haka da shi ake farawa. Kuma kowane ɗakin gwaji yana da iyakokin da ya ɗauka a matsayin daidai, saboda haka kwatanta takardun wurare biyu aikin likita ne, ba na maƙwabci ba.

Gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993, ya rage maƙoƙo ƙwarai, amma bai kawar da buƙatar gwaji ba. Kimanin jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haihuwarsa da tayiroyid marar aiki, kuma a ranar suna babu alamar da za ta nuna. A lardin Kwibek na Kanada an fara auna ɗigon jinin dunduniyar jarirai tun 1974. Jaririn da aka fara ba magani cikin makonni biyun farko kan tashi da basirarsa, wanda aka makara kuwa ƙwaƙwalwarsa kan naƙasa har abada. Gwajin da ke da wannan nauyi bai dace ya tsaya a asibitocin koyarwa da ɗakunan gwaji masu tsada na birane ba. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su kai shi kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, su fara da ɗakin haihuwa.