Jan zoɓo na hannunmu, muna sayen kala

A Italiya, ɓawon inabin da aka matse ba ya zuwa juji. Tun 1879 suke tatso jan launi daga jikinsa, yau masu yin alawa da lemo na rububinsa, Turawa kuma suka yi masa lamba E163. Sinadarin nan, antosayanin, shi ne dai ya ba zoɓonmu jansa, yana kuma cikin masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. To, mu fa? Buhu-buhu ake lodin zoɓo daga Dawanau har Meziko, amma mai alawar yara a lungunan Mandawari ko Jakara kalar leda take barbaɗawa, ba ta san me ke ciki ba. Ban ga laifinta ba, araha ta bi. Ita kuwa Amurka, a Janairun 2025 ta soke izinin zuba jar kalar masana'anta mai suna Red No. 3 a abinci. Kano, birnin da ya shekara ɗaruruwa yana rini da baba a Ƙofar Mata, yana turin fata da karan dafi, ai ba a koya masa launi. Malaman Jami'ar Bayero, a fitar mana da garin launin zoɓo mai rahusa, wanda zafin Kano ba zai koɗar ba.