Yabo ba ya toshe yoyon tanki

Da yawanku kun ga bidiyon nan da ya yi ta yawo makonni uku da suka wuce, na matashin da ya ƙera tankin babur ɗin tsere da faiba a tsakar gidansu. To, ɗan ƙanwata ne. Kuma ni ne kawun da aka ce ya hana shi hawa babur ɗin, har wani bawan Allah ya rubuta cewa hassada ce irin ta manya da ba sa son na baya ya taso. Na yi shiru a lokacin. Yau da izinin yaron zan yi magana.

Da farko dai a ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki. Wata biyu yana abu ɗaya. Soso mai tauri ya samu ya sassaƙa siffar tankin, ya goge da samfefa har ya yi sumul, ya shafa masa kakin da zai hana gam kamawa, sannan ya fitar da mazubi gida biyu, sama da ƙasa. A cikin mazubin ya riƙa shimfiɗa ƙyallen faiba yana jiƙa shi da ruwan gam ɗin da ake kira rezin, shimfiɗa kan shimfiɗa. Da suka bushe ya haɗa ɓari biyun, ya dasa bakin zuba mai da famfo, ya yi fenti. Wallahi in ka gani sai ka rantse daga kamfani ya fito. Ka ɗaga shi kuma, shafal, ba kamar na ƙarfe ba.

Dalilinsa ma mai kyau ne. A tsere kowane kilo lissafi ne. Litar fetur ɗaya ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka lita 22 da aka ƙayyade wa baburan gasar MotoGP ta haura kilo 16. Duk abin da ka rage a jikin tanki riba ce. Sannan faiba tana karɓar duk siffar da ka ba ta, abin da zai ba mai walda da fanel-bita wahala.

Abu ɗaya na tambaye shi ranar da ya kawo min: ka gwada? Ya ce, "Kawu, na cika shi da ruwa ya kwana, ko ɗigo." Na ce masa ruwa daban, fetur daban. Fetur yana ratsa ƙofar da ruwa ba zai bi ba, kuma yana cin wasu nau'o'in gam. Na sa aka cika tankin da mai, aka ajiye shi a fili can nesa da kicin da janareto, na karɓe makullin babur ɗin na sa a aljihu. Ya yi fushi. Mahaifiyarsa ma ta kira ni ta ce, "Yaya, kada ka karya masa gwiwa, ka ga duk gari yabonsa ake yi."

Kwana tara aka yi. Ranar ta goma muka tarar da layin haɗin nan yana gumi, fentin wajen ya kumbura, ka sa yatsa ta ciki ka ji danƙo. Da rezin mai araha ya yi aikin, irin na foliyesta da ake like bamba da shi. Ku tuna a ina tanki yake zaune: a kan inji mai zafi, kusa da fulogi, tsakanin cinyoyin mai tuƙi. Sai da ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Ba shi ne farau ba. A 1972 Paul Smart ya ci tseren Imola a Italiya da babur ɗin Ducati mai tankin faiba, wanda aka bar masa wani layi ba fenti don a riƙa hango yawan man da ya rage. Amma shekara ɗaya bayan nan, a 1973, Birtaniya ta wajabta tankin ƙarfe ga sababbin ababen hawa na titi, don faiba in ta daku tsagewa take yi, ƙarfe kuwa lotsawa yake. Daga baya da aka fara gauraya fetur da etanol a Amurka da Turai, masu tsofaffin babura suka ga tankunansu na faiba suna narkewa ta ciki. Mu ma nan ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Wanda zai ƙera tanki a ƙasar nan dole ya sa irin wannan a lissafi.

Masu yin abin da gaske sun san haka. Suna amfani da efoksi mai jure mai, su shafe cikin da wani rufi na musamman. Zaren kabon yana da ƙarfi da rashin nauyi, amma fashewa yake kamar tangaran, shi ya sa ake haɗa shi da Kevlar mai jure gurza in babur ya faɗi ya ja ƙasa. Ana sa shinge ko soso na musamman a ciki don kada mai ya riƙa tangal-tangal a kwana. Ana barin hanyar numfashi. Kafin ɗigon fetur ya shiga, a hura iska kaɗan a shafa ruwan sabulu a ga inda zai yi kumfa.

A ƙarƙashin bidiyon na ga wani ya kawo labarin John Britten, mutumin Niyu Zilan da ya ƙera babur ɗin tsere da kabon da Kevlar shi da abokansa, ba tare da wani babban kamfani ba. Gaskiya ne. Amma a faɗi labarin duka. A Daytona a 1992 babur ɗinsa yana cikin na gaba-gaba ya mutu dab da ƙarshe saboda matsalar lantarki. Ya koma ya gyara. Sai a 1995 babur ɗin ya ci kambun duniya a ajinsa, shekarar da shi Britten ya rasu yana da shekara 45. Guda goma kacal aka ƙera. Baiwa ce, e, amma baiwar da ta sha gwaji da faɗuwa.

Nan ne matsalarmu take. Yaro ya ƙera abu, rabinmu su yi masa dariya, rabi su naɗa shi injiniyan ƙarni. Babu mai cewa kawo mu auna. Kuma ba na cire kaina. Shekara goma sha bakwai ina aikin gwamnati, na zauna a kwamitin baje kolin fasahar matasa ba sau ɗaya ba. Mu kafa rumfa, babban baƙo ya zo, a ɗauki hoto, a miƙa ambulan, a watse. Ban taɓa ganin mun ware ko sisi don a kai abin da yaran suka ƙera ɗakin gwaji ba. Alhali muna da kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'i masu sashen injiniya a kusan kowace jiha. Me zai hana su buɗe ƙofa rana ɗaya a wata, duk mai ƙirƙira ya kawo a duba masa a kuɗi kaɗan?

Na san wani zai ce tsanani yana kashe zuciyar yaro. Na yarda, in tsananin na wulaƙanci ne. Amma wanda ya ce maka gyara nan, ya ɗauki aikinka da muhimmanci fiye da wanda ya danna maka alamar wuta ya wuce. Da abin ya kama, masu yabon nan ta'aziyya kawai za su rubuta.

Yaron yanzu ya fara na biyu. Ni na saya masa efoksin daga albashina, da sharaɗin sai ya wuce gwajin sabulu da wata guda cike da mai, kuma ba a titin unguwa za a hau ba. Makullin yana nan a aljihuna. In akwai malamin injiniya ko wanda ya san aikin faiba a cikinku da zai duba mana kafin a haɗa ɓari biyun, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya yi wa hannuwansu albarka.