Da Wane Mudu Ake Auna Laburaren Asibiti?

A watan Oktoban 1983 gwamnatin Amurka ta sauya yadda take biyan asibitoci kuɗin jinyar tsofaffi a ƙarƙashin shirinta na Medicare. Kafin lokacin, abin da asibiti ya kashe shi yake rubutowa a biya shi. Sabon tsari ya zo ya yanka wa kowane rukunin cuta kuɗinsa: majinyaci ya kwana uku ko ya kwana goma, abin da za a ba asibiti kusan ɗaya ne. Nan da nan idon akantoci ya buɗe. Suka shiga bin sassan asibiti ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar wanne ke kawowa, wanne ke ci kawai. Ɗakin tiyata yana da amsa, ɗakin gwajin jini yana da ita, haka ma na ɗaukar hoto. Da aka iso kan laburare, mai cike da mujallun likitanci da aka ɗinke shekara-shekara da ma'aikaci ɗaya ko biyu, sai aka rasa abin rubutawa a layin kuɗin shiga.

Har zuwa wannan lokaci laburaren asibiti bai taɓa buƙatar kare kansa ba, domin ƙa'ida ce ke tsare da shi. Duk asibitin da ke son kuɗin Medicare dole ya ajiye laburare. A 1986 hukumar da ke riƙe da kuɗin shirin ta cire wannan sharaɗi, daga baya hukumar lafiya ta jihar New York ma ta bi sahu. Ma'aikatan laburare suka wayi gari ba inuwar fakewa. Abin da suka yi a shekaru talatin da suka biyo baya shi nake so mu waiwaya, domin duk wanda aikinsa ba ya kawo kuɗi kai tsaye, ko ba daɗe ko ba jima za a yi masa irin tambayar da aka yi musu.

Farkon abin da suka yi shi ne fita daga laburaren su tafi inda majinyata suke. A 1987 David King ya wallafa binciken da aka yi a asibitoci takwas na yankin Chicago, inda aka tambayi likitoci da ma'aikatan jinya ko bayanin da laburare ya samo musu ya taɓa yadda suka kula da mara lafiya. Kusan kashi uku cikin huɗu suka ce ya taɓa. Amma wanda ya fi yin suna shi ne na birnin Rochester a jihar New York, wanda Joanne Gard Marshall ta jagoranta, ya fito a 1992. Dabararsa ce ta burge ni fiye da sakamakonsa. Ba a tambayi likita ko yana son laburare ba, don wannan kowa zai ce yana so. An ce masa: zaɓi mara lafiya ɗaya da ke hannunka yanzu, ka kawo wa laburare tambayar da ta shige maka duhu a kansa, idan an kawo maka amsa ka faɗa mana abin da ka yi da ita.

Likitoci 448 aka nema a asibitoci 15, aka sami amsar 208. Kashi 80 cikin ɗari suka ce bayanin ya sa sun sauya wani abu a jinyar. Kashi 29 sun sauya abin da suke zaton shi ne ciwon, kashi 51 sun sauya gwajin da za su rubuta, kashi 45 sun sauya magani, kashi 72 sun sauya shawarar da suka ba majinyaci. Kashi 21 suka ce an kauce wa tiyata, kashi 19 kuma suka ce bayanin ya taimaka wajen kauce wa mutuwar mara lafiya. Wannan adadi na ƙarshe shi aka yi ta yawo da shi a taruka da takardun neman kasafi shekara da shekaru.

Sai dai shugaban asibiti mai wayo ba ya rasa inda zai soka. Fiye da rabin waɗanda aka nema ba su amsa ba, kuma mai yiwuwa waɗanda suka amsa su ne dama masu zuwa laburare. Sannan duk abin da aka tara faɗar likita ce da bakinsa, ba wanda ya buɗe fayil ya tabbatar. Wannan suka tana da gaskiya, bai kamata a share ta ba. Shi ya sa wani bincike da Michele Klein da abokan aikinta suka yi a asibitocin yankin Detroit, wanda ya fito a 1994, ya bi ta takardun kuɗi: majinyatan da aka yi wa binciken mujallu tun farkon kwanciyarsu sun fi saurin sallama da ƙarancin kashe kuɗi a kan waɗanda aka yi wa a makare. Wannan ya fi kusa da yaren da akanta yake ji.

Ana cikin haka wata sabuwar al'ada ta shigo asibitoci daga masana'antu, wato auna kai da takwarori. Kamfanin Xerox ne ya fito da ita fili. Wajajen 1979 ya tarar kamfanonin Japan na sayar da na'urar kwafe takardu a kan kuɗin da shi yake kashewa wajen ƙera tasa kawai. Maimakon ya tsaya kuka, sai ya shiga auna kowane mataki na aikinsa da na waɗanda suka fi shi iyawa, har ya je ya koyi tsarin sito a wurin L.L. Bean, kamfanin da ke sayar da tufafi da kayan zango ta gidan waya. Robert Camp, ma'aikacin Xerox, ya rubuta littafi a kan dabarar a 1989, ta kuwa bazu kamar wutar daji. Ba a jima ba kamfanonin ba da shawara suka fara shiga asibitoci da jadawali a hannu, suna cewa asibiti mai gado kaza ma'aikata kaza suka ishe shi a kowane sashe. Matsalar ita ce alƙaluman laburare da ke cikin waɗannan jadawalai ba ma'aikatan laburare suka tara su ba, kuma sau da yawa masu tarawar ba su san me ake yi a ɗakin ba.

Ƙungiyar Laburarorin Likitanci ta Amurka, MLA, ta ga idan ba ta tara nata alƙaluman ba, da na wasu za a yanka ta. Ta kafa shirin tattara bayanai ta intanet, wanda Rosalind Dudden, ma'aikaciyar laburare a birnin Denver, tana cikin waɗanda suka tsaya a kansa. A zagayen 2002 laburare 385 suka shigar da bayanansu, 344 daga ciki na asibiti ne. An tambayi girman asibiti: gadaje nawa, likitoci nawa, ma'aikata nawa, ana horar da sababbin likitoci ko ba a yi. An kuma tambayi laburaren: kasafinsa, ma'aikatansa, faɗin ɗakinsa, mujallun da yake biya, tambayoyin da ya amsa, binciken da ya yi wa likitoci, takardun da ya aro daga wasu laburarori. Duk wanda ya shigar da nasa yana iya zaɓo asibitoci masu girman nasa ya ga inda ya tsaya. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar ta fitar da mizanin laburaren asibiti, har da lissafi mai sauƙi: a raba yawan ma'aikatan asibiti da 700, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin ma'aikatan da laburare ke buƙata. Asibiti mai ma'aikata 2,100 ke nan yana buƙatar mutum uku.

Babu shakka wannan ya yi wa mutane da yawa rana. Ma'aikaciyar da ke ita kaɗai a asibiti mai gado ɗari huɗu ta sami abin nunawa ban da ƙorafi. Tana iya shiga ofishin shugaba ta ajiye takarda ta ce, ranka ya daɗe, ga tsararrakinmu, ga abin da suke kashewa, ga abin da muke kashewa, ga kuma aikin da muke fitarwa duk da haka. Magana ta tashi daga roƙo ta koma lissafi.

Amma a ganina akwai rami a cikin wannan hanya, kuma ba kowa ya hango shi da wuri ba. Kwatanta kai da tsara yana gaya maka inda kake a cikin jama'a, ba ya gaya maka ko jama'ar na kan daidai. Idan duk 'yan kasuwar hatsi sun buge gindin mudunsu, wanda ya gwada nasa da na maƙwabcinsa zai ga ya cika, alhali mai saye ne ke komawa gida da ragi. Haka ta faru. Shekarun da ake tara alƙaluman su ne shekarun da ake rufe laburarori da haɗe asibitoci da rage ma'aikata, don haka matsakaicin da ake gwada kowa da shi shi ma yana ta sauka. Laburaren da aka rufe kuma ba ya cike fom, saboda haka jadawalin bai nuna shi ba sam. Wani abin kuma, takardar da ta taimaki wanda ke ƙasa da matsakaici ita ce wuƙar da ke jiran wanda ke samansa. Shugaban da ya ga laburarensa ya fi na tsara kasafi ba lalle ya yi alfahari ba, yana iya cewa ga inda za a rage. Xerox da ya ƙirƙiro abin, wanda ya fi kowa iyawa yake nema ya koya a wurinsa. Da dabarar ta iso hannun masu yankan kasafi sai ta koma neman tsakiya.

Ga kuma intanet. A 1997 aka buɗe PubMed, rumbun neman takardun binciken likitanci, kyauta ga kowa, mujallu suka koma kan kwamfuta, likitoci suka daina takowa ɗakin karatu. Adadin masu shiga ya faɗi, na littattafan da aka ara ya faɗi, alhali amfani da abin da laburaren ke biya yana ƙaruwa. Likita na zaune a ofishinsa ya danna ya buɗe takarda, bai san wani ne ya yi cinikin lasisin ya biya ba, sai ya ɗauka kyauta ce. Duk ma'aunin da ke ƙirga ƙafafun da suka tsallaka ƙofa sai ya nuna laburaren na mutuwa.

A 2001 wani abin baƙin ciki ya nuna abin da irin wannan ƙirga ba ta kamawa. Wata matashiya mai shekara 24, lafiyarta ƙalau, ta shiga wani binciken ciwon asma a Jami'ar Johns Hopkins a matsayin 'yar sa kai. Aka ba ta sinadarin hexamethonium ta shaƙa, huhunta ya lalace, ta rasu a watan Yuni. Da aka bi diddigi sai aka tarar tun a shekarun 1950 an wallafa rahotannin da ke nuna sinadarin na iya yi wa huhu illa. Binciken da aka yi kafin gwajin bai kai gare su ba, domin a lokacin PubMed bai wuce tsakiyar shekarun 1960 ba idan ana komawa baya. Gwamnati ta dakatar da binciken da take ɗaukar nauyinsa a kan mutane a jami'ar na ɗan lokaci. Ma'aikatan laburare da yawa sun ce wanda ya san aikinsa zai san inda rumbun ya tsaya, ya koma tsofaffin kundaye. A jadawalin kwatance, bincike irin wannan da binciken minti biyar duk "ɗaya" za a rubuta musu.

Ba mamaki da aka sake komawa tafarkin Rochester. A 2013 Marshall da abokan aikinta suka fitar da sabon zagaye mai faɗi: laburare 56 masu yi wa asibitoci 118 aiki a Amurka da Kanada, mutum 16,122 suka amsa, wannan karon har da ma'aikatan jinya. Kashi uku cikin huɗu suka ce sun sauya wani abu a jinya. Masu cewa an kauce wa mutuwa sun sauko zuwa kashi 6, adadin da ni ya fi kwanta mini a rai a kan na farko. Wasu ƙasashe kuma suka juya lissafin zuwa kuɗi. A Ostireliya wani nazari na masana tattalin arziki ya ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe wa laburaren lafiya tana mayar da tara. A Ingila rahoton 2020 ya ce fam biyu da fens arba'in kan kowane fam ɗaya, kuma mafi yawan ribar lokacin ma'aikatan lafiya ne da aka yi tsiminsa. Tazarar da ke tsakanin tara da biyu da ɗoriya ta isa ta nuna cewa amsar tana bin abin da mai lissafi ya zaɓa ya ƙirga.

A Najeriya har yanzu muna inda Amurkawa suke kafin 1986. Tawagar tantancewa ce ke tsare da laburaren asibitin koyarwa, domin ba a amince wa makaranta ta yaye likitoci ko ta horar da ƙwararru ba tare da shi ba. Wannan kariya ce, amma irin wadda ke sa a tuna da ɗaki idan baƙi sun kusa zuwa, a share, a jera, su tafi a manta. Kuma abin da ake dubawa yawanci kujeru ne da kantoci da yawan littattafai. Alhali tun Janairun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, don cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami dubban mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Tambayar da ta dace da mu ita ce likitoci nawa a asibiti suka san ana da wannan ƙofa, nawa suka taɓa shiga, sa'a nawa a yini ake da wuta da intanet a ɗakin, kuma da aka shiga me ya sauya a gadon mara lafiya.

Idan laburarorin asibitocin koyarwa na Arewa za su haɗu su gwada kansu da juna, wanda abu ne mai kyau kuma ba ya cin kuɗi, gara su nemi wanda ya fi iya wani aiki guda su je su ga yadda yake yi, da su fitar da matsakaici kowa ya jingina da shi. Fom irin na Rochester ba sai ya wuce shafi biyu ba, kuma shugaban sashe ɗaya da ya yarda ya isa a fara. A asibitin da likita ɗaya ke duba layin mutane tun safe har la'asar, sa'a biyun da ma'aikacin laburare ya ɗauke masa na neman takarda abu ne da za a iya rubutawa a rajista, a tara a ƙarshen wata, a kai teburin shugaban asibiti ranar da ake zaman kasafi.