Kira ga Hukumomin Kebbi: A Ba Kogin Kwara Hutun Damina

Mai girma Gwamnan Jihar Kebbi, Mai Martaba Sarkin Gwandu, shugaban ƙaramar hukumar Bagudo da hakimanmu, Allah ya ja zamaninku.

Kuka na kawo a madadin masuntan bakin Kwara, tun daga Lolo inda kogin ke shigowa Najeriya. Roƙona guda ne: a ware wa kogin nan watannin hutu duk damina, kuma a yi haka tare da maƙwabtanmu na Binin da Nijar.

Bari in fara da misali daga teku. A cikin kifin ƙanƙara da ake kawowa Arewa akwai wanda 'yan kasuwa ke kira kuroka. Mazauninsa gaɓar teku ce daga Senegal har Angola, a ruwa marar zurfi mai laka, inda yake cin jatan lande da ƙananan kifi. Yana da jakar iska a ciki, da tsokar da ke bugunta ta yi ƙara kamar ganga, kuma danginsa sun fi tsananta wannan kiɗa lokacin zuba ƙwai. 'Ya'yansa suna tasowa ne a bakin koguna, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Domin kare irin wuraren nan da ƙananan masunta, Najeriya ta hana manyan jirage jan taru a cikin mil 5 daga gaɓa. Gana ma takan rufe kamun teku na wani lokaci tun 2016.

To, ranku ya daɗe, mu fadama ce gidan renon kifinmu. Ruwa biyu Kwara ke kawo mana: farin ruwa na daminarmu wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini, ya daɗe yana ratsa Mali, ya iso mana da hunturu. Idan farin ruwa ya malala cikin burgu, tarwaɗa da kurungu da ƙarfasa sukan bi shi su zuba ƙwai. Bargi kan share ciyawa ya kewaye fili ya yi sheƙa, iyaye su tsaya gadin 'ya'ya. Yauni kuwa sheƙarsa a kan ruwa take yawo. Daidai wannan lokaci ake toshe bakin rafuffuka da gura, ana tace ruwa da gidan sauro har a kwaso kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Wasu ma guba suke zubawa, alhali dokar kamun kifin koguna ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Ga noman shinkafa yana ta cin fadama, maganin ciyawa na gangarawa cikin tabkuna.

Ban ga laifin magidancin da ya tashi da asuba yana neman abin sa wa a bakin salati ba. Ya san ɓarna ce, amma ya san in ya bari wani zai kwashe. Nan ne maganar iyaka ta shigo. Kifin da ya kwana a Malanville ta Binin ko Gaya ta Nijar gobe yana Lolo, saboda haka dokar da ta tsaya a gefenmu kaɗai ba wanda zai bi ta. Hukumar Raya Kogin Kwara da ke Yamai, wadda aka kafa a 1980, ƙasashen uku duk suna cikinta. Ina roƙon Gwamna ya nemi gwamnatin tarayya ta kai maganar can.

Abin ba baƙo ba ne a Kebbi. Da ba a killace kogin Matan Fada a hana su a cikinsa ba, da Argungu ba ta sami giwan ruwan da take nuna wa duniya ba. A gayyato masana daga cibiyar binciken kifi ta New Bussa su zauna da sarakunan ruwa da dattawan Sarkawa, su tsayar da watannin da tabkunan da za a rufe. A damƙa tsaron a hannun sarakunan ruwa, domin su ne suka san jirgin kowa. Wanda aka ce ya ajiye koma kuma a tanadar masa rance ko irin shuka na waɗannan watanni, a musanya masa gidan sauro da raga mai faɗin ido. Muna fata a fara zaman kafin ruwan damina mai zuwa ya hau fadama.