Ɗaliban harhaɗa magunguna da bashin NELFUND: Ina aikin da za a biya da shi?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar lamunin ɗalibai a watan Afrilun 2024, iyaye da dama suka samu sa'ida, musamman waɗanda 'ya'yansu ke karatun harhaɗa magunguna a jami'o'in gwamnati irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Asusun NELFUND yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiyar yau da kullum, kuma babu kuɗin ruwa. Ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Sai dai hanyar mai wannan karatu doguwa ce. Digirinsa na ɗaukar shekara biyar, ko shida a sabon tsarin Pharm.D. Idan ya karɓi kuɗin ɗawainiya kowane wata har shekara shida, bashin zai kai naira miliyan 1.44 kafin a haɗa da kuɗin makaranta. Mai albashin naira 150,000 zai shekara takwas yana biyan wannan kaso kaɗai.

Ko bayan kammala jami'a, ba shi da ikon yin aiki da kansa sai ya yi horon sanin makamar aiki na shekara guda, ya ci jarrabawar hukumar PCN, sannan ya samu cikakken lasisi. A nan gizo ke saƙar, domin guraben horon a asibitocin koyarwa ba su kai yawan masu nema ba, wasu kan shafe watanni a gida suna jira.

Kasuwar aikin ma ta matse. A shekarar 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu. Buɗe kantin magani kuwa na buƙatar jarin da sabon ma'aikaci ba shi da shi: kuɗin haya, firji, lantarki da kayan da farashinsu ke bin dala.

Wannan matsi ne ke jefa wasu matasa cikin bayar da hayar lasisi. Doka ta wajabta wa kowane kantin magani na zamani samun masani mai kula da shi, sai mai jari ya yi rajista da sunan matashin, ya riƙa biyansa ba tare da ya zauna a kantin ba. Majinyaci ne ke kwana a ciki, domin wanda ya san hatsarin maganin ba ya nan lokacin da ake sayar masa.

Dokar ta bai wa wanda bai samu aiki ba damar neman a ɗage masa biya, amma ɗagewa ba ta rage bashi. Muddin gwamnatin tarayya da na jihohi ba su ƙara guraben horo ba, ba su kuma ɗauki masana magunguna a manyan asibitocin ƙananan hukumomi ba, asusun zai sha wuyar karɓo kuɗinsa. 'Yan kasuwar magani kuma, tun daga Sabon Gari har cibiyar Dangwauro a Kano, suna da rawar takawa: su haɗa jarinsu da ilimin waɗannan matasa a matsayin abokan hulɗa na gaskiya, maimakon sayen sunansu.