Fitilar kashe ƙwayoyin cuta ba hajar tebur ba ce

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kun tuna shekarar 2020, lokacin da korona ta sa kowa tsoron kuɗin da ya fito daga hannun wani. A watan Fabrairun shekarar, bankunan ƙasar Sin suka riƙa haska takardun kuɗi da hasken ultrabiyole, sannan su ajiye su kwana 7 zuwa 14.

Ba mu musa cewa hasken yana aiki ba. Nau'in da ake kira UV-C yana lalata ƙwayar cutar ta kasa hayayyafa. Amma sai inda ya taɓa. Takardar jika guda da ta sha maiƙo, aka ƙudundune ta a bakin zane, ta ina haske zai shige ta? Fitilar gane jabun kuɗi kuwa wani nau'i ce daban, kada a dogara da ita.

Abin da ya fi damunmu shi ne ido. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yi kashedi kada a haska hannu ko fata. Hasken yana ƙona jiki, kuma bayan ƴan awoyi ido ya yi ja, ya yi raɗaɗi kamar na wanda ya kalli walda.

Don haka muke kira ga masu zuwa sari Dubai da Sin: in wata annoba ta zo, kada riba ta sa ku baza ƙananan fitilun nan inda yara za su ɗauka. A bar wa asibitoci, su da ke kunnawa a ɗakin da babu kowa. Korona ma ta numfashi ta fi yaɗuwa. Buta da sabulu a bakin rumfa sun ishi mai karɓar kuɗi.