Awon ciki a wata na huɗu ya yi latti ga wani abu guda

 Duk wadda ta taɓa gyaran kaza ta ga yadda hanjinta ke nannaɗe, kuma kusan naɗi iri ɗaya ne a kowace kaza. A shekarar 2011 masana a jami'ar Harvard ta Amurka suka gano dalili. Hanji yana girma da sauri fiye da tantanin da ke riƙe da shi, sai ya rasa wurin miƙewa, ya lanƙwashe. Suka ɗinka tiyon roba a jikin shimfiɗar roba da aka ja, suka saki, ya naɗe kamar hanji. Suka sa lissafin a kwamfuta, ta fito da naɗin da ya dace da na kaza, har da na ɓera.

Ashe tsokar ɗan tayi, da ikon Allah, ja da turi da matsi ne ke ba ta siffa, kamar yadda mai ginin tukunya ke lanƙwasa yumɓu. Tun 1981 George Oster da abokan aikinsa suka nuna a kwamfuta cewa in ƙwayoyin halitta suka tsuke bakinsu kamar jakar zuge, shimfiɗaɗɗiyar tsoka sai ta naɗe ta zama bututu.

To, ina ruwanmu? Ai da irin wannan naɗi ne laka da ƙwaƙwalwar jariri ke farawa. Bututun yana rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. In bai rufe ba, sai a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, sau da yawa kai na kumbura da ruwa. Mu kuma sai mu ce iska ne, ko uwar ta fita da almuru. Wallahi muna ɗora wa mata laifin da ba nasu ba.

A 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila ya nuna sinadarin folik asid ya rage maimaituwar wannan lalura da kashi 72 cikin ɗari ga matan da suka taɓa samun irin cikin. Ba ya hana duka, amma ragin ba kaɗan ba ne. Yana cikin ƙwayar ƙarin jinin nan da ake bayarwa wurin awo, kuma tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki kyauta. Sai dai matanmu, saboda kunya da ɓoyon ciki, ba sa zuwa likita sai ciki ya fito. Ƙwayar za ta taimaki jininta, amma batun bututu an riga an wuce wurin.

Ra'ayinmu shi ne a fara tun kafin ciki. Mikirogiram 400 a rana likitoci ke cewa. Me zai hana amarya ta je CSI ta nemi bayani tun ana haɗa kayan ɗaki? Ungozomomi da masu faɗakarwa a rediyo su ɗauki zancen, maigida kuma ya daina ganin zuwa likita sai ga mai ciwo. Waken da muke nomawa mu kai kasuwa, da gujiya da ganyen miya, duk suna da wannan sinadari, a riƙa rage wa gida. Wadda kuma ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lalura, ta ga likita kafin wani cikin, don nata adadin ya fi na sauran mata.